Alan Turing: Miskilin da Ya Koya wa Na'ura Bin Umarni

A kusan kowane aji akwai irinsa. Kujerar gefe yake zama, ba ya shiga hirar ƙwallo, idan ka gaishe shi sai ya amsa yana kallon takalminsa. Ka yi masa ba'a, ya ɗauka da gaske kake. Ranar gabatar da aikin rukuni bakinsa ya sarƙe a gaban lakcara, a yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Amma daren da kod ɗin furojet ya ƙi tashi, kowa ya yi jugum a hostel, ƙofarsa ake bugawa, shi kuma ko minti 10 ba za a yi ba ya nuna maka waƙafin da ka manta tun a tsakiyar shafi. Miskili muke ce masa idan muna raha. Idan ya ba mu haushi kuwa, sai mu ce kansa ba saiti.

To mutumin da ya aza harsashin abin da ake koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta, irin wannan ɗalibin ne a zamaninsa. Sunansa Alan Mathison Turing.

An haife shi a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912. Mahaifinsa, Julius, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Indiya, don haka Alan da yayansa John suka tashi a hannun wani tsohon soja da matarsa a kudancin Ingila, iyayen suna zuwa suna komawa. A watan Mayun 1926, yana ɗan shekara 13, aka ɗauke shi makarantar kwana ta Sherborne. Ranar da ya kamata ya isa sai ta zo daidai da yajin aikin gama-gari, jiragen ƙasa duk suka tsaya. Mu nan da an ce yajin aiki sai haɗa jaka, a nufi Zurmi ko Shinkafi. Shi kuwa tunda an ce masa ranar ce ranar buɗe makaranta, sai ya hau kekensa daga Southampton, ya kwana a wani masauki a hanya, ya ci kusan kilomita 97, wato kusan ka je Gusau daga Kaura ka dawo. Har jaridar yankin sai da ta buga labarin.

Makarantar ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Latin da adabi ake girmamawa a wurin, shi kuma lissafi da harhaɗa sinadarai ne kawai a gabansa. Rubutunsa kamar tafiyar kaza, tawada a riga, aikin gida a yamutse. Malamai suka yi ta kuka da shi a takardun sakamako, har shugaban makarantar ya rubuta wa iyayensa cewa idan kimiyya zalla zai sa a gaba, to ɓata lokacinsa yake yi a wurinsu. A daidai wannan lokacin yaron yana karanta aikin Einstein shi kaɗai, yana fahimta. A 1929, shekarar da layin dogo ya iso nan Kaura Namoda, Turing ya riga ya sami abokin da ya fahimce shi, wani ɗalibi mai suna Christopher Morcom, wanda shi ma kimiyya ce abin sonsa. Morcom ya rasu a Fabrairun 1930 da tarin fuka. Rasuwar ta girgiza Turing ƙwarai, ya daɗe yana rubuta wa mahaifiyar abokin nasa wasiƙu. Wannan ya kamata mu riƙe, saboda mutane suna saurin cewa mai irin wannan hali ba ya jin kowa a ransa.

Ya shiga King's College ta Jami'ar Kambirij a 1931, aka zaɓe shi cikin malaman kwalejin a 1935, yana da shekara 22. A shekarar ce ya ji wata tambaya a lakcar Max Newman, tambayar da babban masanin lissafi na Jamus, David Hilbert, ya jefa wa duniya: shin akwai wata tsayayyiyar hanya, mai matakai sanannu, da za a bi a gane ko kowace magana ta lissafi za ta tabbata ko ba za ta tabbata ba? Manya sun yi ta amfani da kalmar tsayayyiyar hanya ba tare da sun tsaya sun ce ga ainihin ma'anarta ba. Turing ya ɗauki kalmar a zahirinta, kamar yadda ya saba ɗaukar komai. A wancan zamani idan aka ce kwamfuta, mutum ake nufi, akawun da ke zaune da fensir yana lissafi. Sai ya tambayi kansa, me akawun nan yake yi takamaimai, mataki bayan mataki? Yana duban alama ɗaya a takarda. Yana iya goge ta ya rubuta wata. Yana matsawa gaba ko baya. Yana tuna inda ya kwana. Shi ke nan.

Daga nan ya zana wata na'ura a takarda: dogon ziri da aka raba gida-gida, da kai guda mai karantawa da rubutawa, da jadawalin umarni da ke cewa idan ka ga kaza kana cikin hali kaza, yi kaza. Sannan ya zo da abin da ya canza duniya. Ya nuna cewa za a iya rubuta jadawalin umarnin wata na'ura a kan zirin, a ba wata na'ura guda ta karanta, ta yi aikin waccan. Wato na'ura ɗaya tak za ta iya zama kowace na'ura, gwargwadon abin da aka rubuta mata. Wayar da ke aljihunka, da take zama kalkuleta yanzu, anjima ta zama rediyo, anjima ta zama banki, wannan tunanin ne take tafiya a kai, kuma shi muke kira manhaja. A cikin takardar dai, wadda ya kammala a 1936, ya tabbatar cewa amsar tambayar Hilbert ita ce a'a, akwai abubuwan da babu wani shirin kwamfuta da zai iya yanke hukunci a kansu. Alonzo Church na Amurka ya kai ga wannan amsa ta wata hanyar daban, kuma wurinsa Turing ya je Princeton ya yi digirin digirgir, ya gama a 1938.

Ranar 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, Turing ya isa Bletchley Park, gidan da aka tara masu warware saƙonnin sirri. Sojojin Jamus suna rikita saƙonsu da wata na'ura mai kama da tafireta, Enigma, wadda hanyoyin saita ta sun kai 159 da sifili 18 a bayanta, kuma kullum ana canza saitin. Gaskiya a faɗe ta, masana lissafi uku na Folan, Marian Rejewski da abokansa biyu, su suka fara karya ta tun a farkon shekarun 1930, suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka sani a Yulin 1939. Turing ya ɗora a kai. Enigma tana da rauni guda, harafi ba ya taɓa fitowa a matsayin kansa, kuma Jamusawa suna maimaita wasu kalmomi, kamar a rahoton yanayi na safe. Sai ya tsara wata na'ura, Bombe, wadda ke ɗaukar kalmar da ake zato, ta bi saituna da gudu, tana watsar da duk wanda ya ci karo da kansa. Gordon Welchman ya ƙara mata wani gyara da ya ninka ƙarfinta. Ta farko ta fara aiki a Maris 1940.

Saƙonnin sojan ruwa su ne suka fi wuya, kuma su ne suka fi muhimmanci, don jiragen Jamus masu nutso suna nutsar da jiragen da ke kawo wa Ingila abinci da mai. Kowa ya kauce musu. Turing ya ɗauka, kuma dalilin da ya bayar daga baya shi ne babu mai taɓa matsalar, don haka za ta zama tasa shi kaɗai. Zuwa tsakiyar 1941 sashensa, Hut 8, yana karanta su.

Labaran halinsa da suka fi yawo daga wannan lokacin suka fito, daga bakin abokan aikinsa irin su Jack Good da Peter Hilton. Farfesa suke ce masa a taƙaice. Ƙurar furanni tana sa shi atishawa a farkon Yuni, sai ya riƙa zuwa aiki a keke sanye da takunkumin kare hayaƙi mai guba na soja, ko a jikinsa wai ana kallonsa. Kofin shayinsa kuwa da sarƙa da kwaɗo yake ɗaure shi a jikin bututun ɗumama ɗaki, kada a ɗauke. Sarƙar kekensa tana zamewa, maimakon ya kai wa mai gyara, sai ya ƙirga juyin feda nawa ake yi kafin ta zame, ya riƙa sauka yana daidaita ta kafin adadin ya cika. Abin dariya ne, na yarda. Amma duk wanda ya taɓa farautar kuskuren da ke fitowa a manhaja jefi-jefi ya san cewa rabin aikin shi ne ka gano sau nawa yake zuwa, kuma me ke gabatarsa.

Wanda na fi so shi ne na rundunar sa-kai ta tsaron gida. Turing yana son ya koyi harbi, sai ya je ya cika fom. Akwai tambaya a ciki, ko ya fahimci cewa shigarsa ta sa shi ƙarƙashin dokar soja. Ya duba ya ga babu ribar da zai ci idan ya ce e, sai ya rubuta a'a. Ba wanda ya karanta, aka ɗauke shi. Da ya iya harbi sai ya daina zuwa fareti. Kwamanda ya kira shi zai hukunta shi da dokar soja, Turing ya ce a ɗauko fom ɗinsa. Aka ɗauko, aka ga a'a a rubuce, dole aka sallame shi. Ba wayo ya yi musu ba. An yi masa tambaya ne ya amsa abin da aka tambaya. Kwamfuta ma haka take, abin da ka rubuta take yi, ba abin da kake nufi ba, kuma mutumin da kansa ke aiki haka yakan riga kowa ganin inda umarni ya bar ƙofa a buɗe.

Irin waɗannan labaran ne suka sa ake danganta shi da otizim. Wasu kafofin labarai na Hausa suna cewa galahanga, sai dai kalmar takan haɗa har da wasu larurorin da ba su da alaƙa da shi. Otizim ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yarinta, yana bayyana a wahalar karanta fuska da habaici da zaurance, da son abu ya tafi a tsari ɗaya, da nutsewa cikin abu guda har a manta da duniya, da kuma jin ƙara ko haske fiye da yadda sauran mutane ke ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Kuma hawa-hawa ne. Akwai wanda ba ya magana sam, yana buƙatar kulawa har ƙarshen rayuwa, akwai wanda yake ajinku ba ku sani ba. Mafi yawansu ba gwanayen lissafi ba ne, kuma ba sai mutum ya zama Turing ba kafin a daina yi masa dariya.

Shin Turing yana da shi? Babu likitan da ya taɓa duba shi a kan haka. Leo Kanner ya fara bayyana larurar a 1943, Hans Asperger a 1944, duk a kan yara, kuma sai bayan aikin Lorna Wing na 1981 aka fara lura da manya masu magana da kaifin basira. A 2003 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Ailan, Henry O'Connell da Michael Fitzgerald, suka bi tarihinsa suka ce alamun sun cika. Wasu masana ba su yarda ba, kuma ni ma ina ganin auna mamaci daga labaran da abokansa suka tuna bayan shekara 30 abu ne mai santsi. Mutumin nan yana da barkwanci, ƙananan ma'aikata suna jin daɗin kawo masa tambaya, a 1939 ya ɗauki nauyin karatun wani yaro Bayahude ɗan gudun hijira daga Vienna. Fim ɗin The Imitation Game na 2014, wanda da yawanmu muka kalla a laftof, ya mayar da shi mutum mai sanyin zuciya da ba ya gane wasa ko kaɗan, kuma masana tarihinsa sun ce an zuzuta. Abin da ba a gardama a kai shi ne halayen kansu, ko wane suna aka ba su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Bletchley ta yi da waɗannan halaye. Turing ba ya iya shugabanci, takardun ofis da jadawalin ma'aikata suna gundurarsa. Sai Hugh Alexander, zakaran wasan dara na ces, ya karɓi tafiyar da Hut 8 a hankali, ya bar shi da tunani. A Oktoban 1941, da ƙarancin ma'aikata ya ishe su, su huɗu suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga Firayim Minista Winston Churchill, amma Stuart Milner-Barry ne ya ɗauka ya kai har ofishinsa, Churchill kuma ya ba da umarni a ranar a ba su abin da suke so. Kowa da inda ya fi ƙarfi. Mu kuwa a aikin rukuni, wanda ya kwana yana rubuta kod shi muke turawa gaba ranar difens, ya daburce, wanda ya iya baki ya kwashe makin, sannan a koma ana cewa ai wane ba ya iya komai.

Bayan yaƙi abin ya juya. A 1945 ya koma Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa da ke Teddington, a Fabrairun 1946 ya gabatar da cikakken tsarin kwamfuta mai suna ACE. A cikin rahoton ya yi bayanin yadda za a rubuta ƙananan shirye-shirye a ajiye, babban shiri ya riƙa kiransu yana dawowa inda ya tsaya, abin da kowane ɗan ND 1 yake koya yau. Ya kuma hango cewa rubuta umarni zai zama sana'a mai zaman kanta, ta masu lissafi da ke son warware wasa ƙwaƙwalwa. Amma a nan babu Alexander. Ana buƙatar mai bin ofisoshi, mai lallashin injiniyoyi, mai haƙuri da kwamiti, shi kuma rantsuwar sirri ta hana shi faɗin abin da ya gani da idonsa a Bletchley da ya sa ya tabbata na'urar za ta yiwu. Aiki ya yi ta jan ƙafa. Gudu ya zama mafitarsa, har a 1947 ya yi gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 46, tazarar kusan minti 11 kacal da wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1948. Ya bar wurin cikin ɓacin rai. Ƙaramin samfurin ACE ya fara aiki a Mayun 1950, ba ya nan.

A Jami'ar Manchesta, inda ya koma a 1948, an ga fuska biyu na halin nasa a aikin manhaja. A 1949 ya gabatar da wata gajeriyar takarda kan yadda za a tabbatar dogon shiri ba shi da kuskure: mai rubutawa ya kafa ƙananan iƙirari a wurare daban-daban, waɗanda za a iya duba kowanne shi kaɗai, daga nan ingancin shirin gaba ɗaya ya fito. Sai bayan kusan shekara 20 masana suka dawo kan wannan hanya. Amma kuma shi ne ya rubuta littafin jagora na masu rubuta wa kwamfutar Manchesta shiri, inda ake rubuta lambobi a tushe na 32, da haruffan na'urar aika telegiram, kuma daga baya zuwa gaba, don haka injin yake karanta su. A wurinsa abin ba wuya, bai ga dalilin da zai sa a sauƙaƙa ba. Ya taɓa yin lissafi haka a allo a Kambirij ba tare da ya yi bayani ba, masu sauraro suka rikice. Sai da Alick Glennie da Tony Brooker suka zo suka ƙirƙiro hanyoyin rubutu masu sauƙi kafin mutane na yau da kullum su iya amfani da injin. Kan da ya ga abin da ba wanda ya gani, shi ne ya kasa ganin inda wasu ke tuntuɓe.

Kamfanonin manhaja sun daɗe kafin su gane wannan lissafin. A 2004 wani ɗan Danmak, Thorkil Sonne, wanda ɗansa ke da otizim, ya kafa Specialisterne, yana ɗaukar masu otizim aikin gwajin manhaja, aikin da ke son mai lura da ƙanƙanin bambanci ba ya gajiya da maimaici. SAP ta buɗe irin wannan shiri a 2013, Microsoft a 2015. Babban abin da suka canza shi ne intabiyu. Maimakon hirar rabin awa da ake auna kallon ido da iya zance, sai a ba mutum kwanaki yana aiki na gaske ana gani.

Shekarunsa na ƙarshe ma bai huta ba. A 1950 ya buga takardar da ta kawo gwajin da ake kira da sunansa, na ko na'ura za ta iya hira har a kasa bambanta ta da mutum, tambayar da ta dawo sabuwa yanzu da kowa ke hira da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Shi da David Champernowne sun rubuta shirin buga ces tun babu injin da zai iya ɗaukarsa, sai ya riƙa bin umarnin da fensir, kowane motsi kusan rabin awa. A 1952 ya fitar da bayanin lissafi kan yadda zane da ɗigo ke fitowa a jikin dabbobi.

A Janairun wannan shekarar aka yi masa sata a gida. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, a cikin bincike suka tambaye shi alaƙarsa da wani saurayi da ya san ɓarawon, ya faɗa musu komai a rubuce. Mu'amalar jinsi ɗaya laifi ce a dokar Ingila ta lokacin. Kotu ta same shi da laifi a Maris 1952, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar sinadarin da ke kashe sha'awa, ya zaɓi allurar, aka yi masa shekara guda. Aka kuma rufe masa ƙofar aikin sirri na gwamnati. Ranar 8 ga Yuni, 1954, mai yi masa aikin gida ta tarar da gawarsa a gidansa da ke Wilmslow, ya rasu tun ranar 7, saura kwana 16 ya cika 42. Gubar sayanaid ce. Binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa, Sara, ta tsaya a kan cewa haɗari ne daga gwaje-gwajen sinadarai da yake yi a gida, kuma har yau akwai masanan da ke ganin ba a bincika da kyau ba.

Lokacin da ya rasu, maƙwabtansa malamin jami'a kawai suka sani, mai gudu a titi da yamma. Aikin Bletchley bai fara fitowa fili ba sai a 1974. Tun 1966 ake ba da lambar yabo mafi girma a kimiyyar kwamfuta da sunansa. Firayim Minista Gordon Brown ya nemi afuwa a madadin gwamnati a 2009, Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, sannan Bankin Ingila ya sa hotonsa a takardar fam 50, wadda ta fara yawo ranar 23 ga Yuni, 2021.